Maiɗakina Ta Ce Ita Da Sitiyari Har Abada Idan Mun Koma Kanada

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. An ce kin daɗe a Kanada kina koyar da tuƙi kafin ki dawo gida. Ni injiniya ne a nan Kaduna, wani kamfani a Winifeg ya yi mini tayin aiki. Maganar ba ta kammala ba, amma sun ce in zaɓa, ko in fara a Janairu ko a Mayu. Damuwata maiɗakina ce. Shekararta 6 tana tuƙi, ita ke kai yaranmu uku makaranta daga Unguwar Dosa. Tun da ta ga bidiyon motoci suna karo da juna a kan ƙanƙara ta ce ita da sitiyari har abada in mun je, wani lokacin ma cewa take in tafi ni kaɗai. Shekara biyu da suka wuce mota ta taɓa ƙwace mata cikin ruwan sama a baifas, ba wanda ya ji ciwo, amma ba ta manta ba. Na gaya mata mota mota ce ko'ina, ni shekarata 18 ina bin hanyar Abuja da Kano ban taɓa gogar kowa ba. Me zan faɗa mata ta cire wannan tsoron?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tabbatar da alheri, ya sa a je a sa'a.

Ka yi haƙuri da abin da zan fara da shi. A cikinku biyu, kai ne ka fi ba ni tsoro. Shekara 13 na yi a Winifeg, 9 daga ciki ina kujerar gefe ina koya wa baƙi tuƙi, yawancinsu mata daga Sudan da Somaliya da Siriya da nan gida. Matan da suka zo mini hannu na rawa, da wuya ka ji wata ta faɗa rami a sanyin farko. Waɗanda ake janyowa daga cikin tulin dusar ƙanƙara mazajensu ne, masu shekara ashirin suna tuƙi a Legas ko Kartum. Ka ce ba ka taɓa gogar kowa ba, na yarda, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai hannun da ya tsare ka a nan, shi ne zai kayar da kai can.

Duba yadda muke tuƙi a garin nan. Kana kan titin Ahmadu Bello da yamma, dole ka manne wa motar gabanka, don in ka bar taku uku mai keke ya cusa kai. Ka hango rami, ka fizge sitiyari ka kauce, ka fizgo ka dawo. A shataletale ka ga 'yar kafa, ka danna totur kafin wani ya riga ka. Wani ya tsaya ba sigina, ka taka birki har ƙasa. Jikinka ya haddace waɗannan dabaru, ba sai ka yi tunani ba, kuma kowace ɗaya ta dogara ne da taya ta kama kwalta. Inda taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannunka ba, kuma a kan wannan ɗan wurin tashi da kwana da tsayawa duk suke. A kan ƙanƙara kamun yana raguwa har nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan kai ninki 10. A gudun kilomita 50, inda birki zai tsayar da kai cikin tsawon mota uku a busasshiyar kwalta, a kan ƙanƙara mai sulɓi sai ka share tsawon filin ƙwallo kana tafiya, ƙafarka na kan birki. Fizgar da ke cetonka daga rami ita za ta juya motar ta fuskanci inda ka fito. Saboda haka kalmar nan ta mota mota ce, ka janye ta. Maiɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma duk lokacin da ka maimaita tsoronta ƙaruwa yake, don gani take mutumin da zai ɗauki 'ya'yanta a mota bai san abin da ke gabansa ba.

To amma ita ma tsoron ya sa tana kallon inda ba nan haɗarin yake ba. Ɗaya daga cikin bidiyoyin da suka fi yawo a wayoyi, wanda manyan motoci ke zuwa cikin duhun asuba suna afka wa tarin motoci, na Fort Worth ne a jihar Teksas ta Amurka, ranar 11 ga Fabrairu 2021. Motoci fiye da 100 suka haɗu, mutum 6 suka rasu. Teksas ƙasar zafi ce. Ruwa ne ya sauka ya daskare a kan babbar hanya, direbobi suna gudun da suka saba da tayoyin da suka saba. Winifeg kuwa kusan wata 5 take yi cikin dusar ƙanƙara duk shekara, daga Nuwamba zuwa Maris, wani lokaci har Afrilu, kuma a kan haka garin ya tsara rayuwarsa. Motocin share hanya suna fita tun cikin dare. Ana zuba gishiri in sanyin da sauƙi, in ya tsananta har gishiri ya daina narkar da komai sai a koma yashi. Gudun cikin gari kilomita 50 ne in ba an rubuta wani abu ba. Tsofaffi 'yan shekara saba'in suna tuƙa kansu zuwa kanti a Janairu. Yawancin haɗarin sanyi a cikin gari na bamba ne, wani ya zame ya daki bayan wani, a fito a yi musayar takardu, inshora ta gyara. Haɗarin da ke kisa a Kanada ya fi yawa a watannin zafi, lokacin da hanya ta bushe kowa ya saki totur. Ƙasar gaba ɗaya mutum kusan 2,000 take rasawa a hanya a shekara, wajen 5 cikin kowane dubu 100, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan Nijeriya ya ninka haka sau uku ko fiye. Matar da ke ratsa Kawo da yara uku kowace safiya ta riga ta saba da haɗarin da ya fi wanda take gudu. Na faɗa maka ne don ka sani, kada ka mayar da shi sandar cin gardama a gida.

Wuraren da suka cancanci tsoro na san su, don ɗaya ya taɓa kama ni. Sanyina na farko ne, ni ma a lokacin ina ji da shekaru goman da na yi ina tuƙi a Kaduna. Na fito kai yaro makaranta, rana tas, sama garau. Na doso mahaɗa mai alamar tsayawa da gudun da bai kai na mai keke ba, na taka birki, mota ta ce ba ta san zance ba. Haka na ratsa mahaɗar ina salati, na je na soke hanci a tulin dusar da aka tara a gefe. Allah ya rufa asiri ba mota a ɗaya hannun. Ashe bakin mahaɗa ya fi ko'ina sulɓi, saboda a nan kowace mota ke birki, a nan take tashi, tayoyi suna ta gogar dusar har ta koma kamar gilashi. Wani dattijo ya fito daga gidansa da shebur ya tone ni. Bai ce uffan ba sai da ya gama, ya duƙa ya dubi tayata, ya girgiza kai. Zan dawo kan wannan girgiza kan.

Gada ma haka take, iska na bi ta ƙarƙashinta sai ta riga sauran hanya daskarewa. Akwai kuma wadda suke kira baƙar ƙanƙara, siririya ce marar launi, kwalta kake hangowa ta cikinta sai ka ɗauka jiƙa ce kawai. Ta fi samuwa da asuba, da ranakun da ake narkewa da rana a daskare da dare. Babban abin dai bayan gari ne. Kudancin Manitoba, lardin da Winifeg take ciki, shimfiɗe yake kamar faranti, ba tudun da zai tare iska, in ta taso sai ta kwashi dusar ta watsa a kan hanya. Ka tuna hazon hunturu a hanyar Zariya, wanda sai an kunna fitila da hantsi. To wannan fari ne fat, akwai lokacin da ko bonet ɗinka ba ka gani. A irin ranar akan rufe babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa ƙasar, da mai lamba 75 da ta nufi iyakar Amurka, har da wadda ta kewaye birnin, kuma a lambar waya ko shafin intanet na 511 ake duba halin hanya kafin a fita. Wannan duk naka ne, kai da aiki zai iya turawa wani gari. Maiɗakinka ba abin da zai kai ta can a shekarar farko. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko aikin yana da fita bayan gari, da yadda suke yi in an rufe hanya.

Zaɓin da suka ba ka kuwa ban ga abin tunani a ciki ba, Mayu za ka ce. Janairu ne tsakiyar sanyin. Digiri 20 ƙasa da sifili da dare abin yau da kullum ne, 30 ma ba labari ba ne, in iska ta haɗu da shi fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ka sauke mace da yara uku cikin wannan, ba ta ma san inda ake sayar da albasa ba, sannan ka miƙa mata makullin mota? In kun sauka a Mayu tana da wata 5 zuwa 6 na busasshiyar hanya, kuma tana buƙatarsu, don kafin maganar ƙanƙara akwai ta doka. Sa'ar da aka yi hannun dama suke bi, irin wanda muka koma tun 1972. Sabon mazauni wata 3 kawai yake da shi na tuƙi da lasisin gida, daga nan sai na Manitoba, kuma na Nijeriya ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye, sai an yi jarrabawar rubutu da ta hanya. Hukumar inshorar lardin, MPI, ita ke ba da lasisi, ita ke yi wa mota inshora. Sabon koyo yana jiran aƙalla wata 9 kafin gwajin hanya, shi ya sa shaidar cewa kun daɗe kuna tuƙi take da daraja. Ku sabunta lasisinku ku biyu, ku nemi takardar shaida daga Hukumar Kiyaye Haɗurra tun kuna nan, ku karanta sharuɗɗan MPI daf da tafiya don sukan sauya. Abin da ke kayar da mutanenmu a gwajin ƙanana ne a idonmu: tsayawa cak a alamar tsayawa ko da ba kowa, waiwayawa da kai kafin sauya layi, mahaɗar da hannu huɗu duk ke tsayawa wanda ya riga isowa ya riga wucewa, tsayawa in motar makaranta ta kunna jar fitila. Gara ta koyi waɗannan a Yuni, dusar farko ta same ta da lasisi a jaka da hanyoyin unguwa a ka.

In sun matsa sai Janairu, ka yi gaba, su biyo ka in sanyi ya karye. Kuma gidan da za ka kama ya fi motar da za ka saya muhimmanci a wannan maganar: kusa da makarantar yara, kusa da tashar bas, kanti a tafiyar ƙafa, wurin ajiye mota mai soket. A kudancin birnin, wajejen titin Pembina da na Waverley inda babban masallaci yake, akwai Musulmi da 'yan Nijeriya da dama. Mace in ta san ko ba ta tuƙa ba yara za su je makaranta, a ranar rabin tsoron yake sauka.

Dattijon nan, tayar duk-shekara ya gani a motata. Sunan ne ke ruɗin baƙo. Robarta tana fara tauri da zarar yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, a tsakiyar sanyi kuwa ta koma kamar busasshen ƙirgi. Tayar sanyi an haɗa robarta ta zauna da laushi, ga ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara, alamarta a gefe dutse ne mai kai uku da zanen ƙwayar dusa a ciki. Abin dariya, in ka duba da kyau wajen masu tayar gwanjo a nan Kaduna kana iya samun mai wannan alamar, an kwaso ta daga Turai ana sayar mana mu hau kwaltar Afrilu da ita. A lardin Kebek sa tayar sanyi doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Manitoba ba a tilasta ba, shi ya sa baƙo mai lissafin kuɗi yake cewa bari sai baɗi. Kada ka yi. Guda huɗu cif, a sa su cikin Oktoba kafin layi ya yi tsawo. MPI tana ba da rancen sayensu, amma da kuɗin ruwa a ciki, in kana gudun wannan ka ware kuɗin tun daga nan. Akwai masu ƙusoshi, an yarda da su daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, a kan zallar ƙanƙara sun fi kamu, kuma ga mai fargaba su nake zaɓa.

Na san zuciyarka na kan jif. Mota mai ja da taya huɗu tana taimaka maka tashi, wajen tsayawa ba ta ƙara maka komai, don kowace mota da taya huɗu take birki. Ƙaramar Corolla mai tayar sanyi za ta riga jif mai tayar duk-shekara tsayawa. Ka dai nemi wadda aka ƙera daga Satumbar 2011 zuwa sama, lokacin da Kanada ta wajabta na'urar da ke daidaita mota in ta fara zamewa, kuma ta zama da hitar inji, wato wayar nan da za ka ga tana leƙowa daga hancin motoci, ana jona ta da wuta don inji ya tashi da safe.

Kada ka koya mata da kanka. Tsaki ɗaya daga miji ya isa ya rushe aikin wata guda. Ka biya malamar tuƙi, akwai mata, motocinsu da birki a gefen malama. Yadda nake yi da ɗalibaina, ranar da dusar kirki ta fara kwanciya sai mu tafi filin ajiye motoci da sassafe, lokacin ba kowa. In ce ta kai kilomita 20 ta taka birki iya ƙarfinta. Birkin ABS zai yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana gurnani kamar wani abu ya karye, kusan kowace ɗaga ƙafa take a karon farko. Aikinsa ke nan, yana kama taya yana saki da sauri don kada ta kulle. Ke dai danne ki riƙe, ki juya inda kike so. Mu maimaita sau goma, sau ashirin, har ta fara dariya. Sai kwana: ta shiga da ɗan gudu ta ji yadda gaba ke ƙin juyawa, ta ɗaga ƙafa daga totur ta jira taya ta kama. In baya ne ya zille gefe, ido ya tafi inda ake son zuwa, hannu zai bi shi. Wadda ta kafe ido a kan falwaya, falwayar za ta samu. Daga fili sai layin unguwa da hantsi ba yara a mota, sai hanyar makaranta ranar da ba karatu, sai da yara. Dare da babban titi su ne na ƙarshe. Ba a tsallake mataki, ba a kuma zama a mataki ɗaya har ya zama maɓoya.

Kana iya cewa to a ƙyale ta mana, kai ka riƙa kai su. Na san matan da aka yi wa haka, kuma su suka fi ba ni tausayi. A ƙarshen Disamba rana sai bayan ƙarfe 8 take fitowa, ƙarfe 4 da rabi magariba ta yi. Miji ya fita da duhu ya dawo da duhu. Ba mai keke a bakin layi, ba ɗan maƙwabta da za a aika, ba wadda za ta leƙo ta katanga ta ce ina kwana. Matar da a nan take zuwa suna da biki da dubiya da Islamiyya, sai ta shiga kullen da ba wanda ya sa ta, wata biyar. Tsoro kuma in ana kauce masa ƙiba yake yi. Wadda ta ƙi tuƙi a sanyin farko, na biyu ya fi mata wuya, wasu har tuƙin lokacin zafi suke bari. Yarjejeniyar da zan so ku yi ita ce, ranar da ta leƙa ta ga hanya ba ta yi mata ba, ba tilas ba gori, ko 'yan garin ma suna fasa fita. Ita kuma ba za ta rufe ƙofar koyo ba.

Maganar baifas kada ka ɗauke ta da wasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Abin da yakan faru cikin ruwa shi ne taya ta hau kan ruwan ta rabu da kwalta, musamman in ta suɗe ko ana gudu, ko kuwa ruwan farko ya taso da man da ya daɗe a kan hanya. Ka zauna ta ba ka labarin daga farko har ƙarshe, ba tare da ka gyara mata ba. Mai yiwuwa tun ranar ba wanda ya bayyana mata dalilin ƙwacewar, ta zauna da tunanin mota kan juya wa mutum baya haka kawai. In kuwa ka lura har yau tana kauce wa baifas, tana mafarkin abin, hadari ya haɗo sai gumi da bugun zuciya da ƙuncin numfashi, to wannan ya fi ƙarfin malamar tuƙi. Masana halayyar ɗan Adam suna magance shi ta hanyar zama da tattaunawa da tunkarar abin sannu a hankali, kuma yana jin magani. Akwai su a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san yadda sunan wurin yake a kunnen mutanenmu, sai ka nemi lafazin da ba zai sa ta ji kana ce mata taɓaɓɓiya ba. Yin sa a nan, da Hausa, 'yan'uwa na kusa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma kalmar da ka wuce da sauri a wasiƙarka, wato ka tafi kai kaɗai. Wataƙila ƙanƙarar ce kawai. Wataƙila kuma mahaifiyarta ce da ta manyanta, ko tarbiyyar yara, ko kuwa an gama yanke shawara ne sannan aka sanar da ita. Ina tsoron hanya ya fi waɗannan sauƙin fita a baki. Tunda maganar aikin ba ta kammala ba, ka tambaye ta yanzu: da garin ba ya sanyi ko kaɗan, za ki je da daɗin rai? Sai ka yi shiru ka ji.

Sauran abubuwan za ku koye su cikin mako guda, a gurguje zan ambata don ta ga abin yana da iyaka. Ruwan famfo ba ya shiga lagireto ko tulun wankin gilashi, akwai nasu mai jure digiri 40 ƙasa da sifili. Ba a zuba ruwan zafi a gilashin da ya daskare, kankarewa ake yi, a share har rufin mota. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but a ajiye bargo, ƙaramin shebur, wayar tayar da batir, tocila da dabino. Ba a ɗaure yaro a kujerarsa da ƙatuwar rigar sanyi, bel ba ya kama jiki, a ɗaure shi tukuna sannan a lulluɓa masa. In mota ta maƙale a bayan gari cikin guguwa ba a fita neman taimako da ƙafa. A zauna ciki a buga waya, a tone bakin salansa don kada hayaƙi ya dawo ciki ya kashe mutum, a kunna inji kamar minti 10 a kowace awa. Silifas kuma a bar shi a gida, ko da daga gareji za a shiga gareji.

Akwai abin da za ku fara gobe a nan Kaduna, ku biyun. Tazara: in motar gaba ta wuce falwaya, ku ƙirga daƙiƙa 4 kafin ku iso ta, don a can sai kun ninka haka. Masu keke za su shige gabanku, na baya ya cika muku kunne da hon, ku bar su, jurewar ita ce darasin. In damina ta same ku kafin tafiya, ku sami fili mai jar ƙasa bayan an ɗauke ruwa, inda ba kowa, ta taka birki a ƙaramin gudu ta ji gurnanin ABS tun a gida, in motarku na da shi. Sai laushin ƙafa da hannu, wanda shi ne duk sirrin tuƙin ƙanƙara. Gwajin da nake yi wa ɗalibai kwanon sha ne cike da ruwa, na kujerar gefe ya riƙe a cinya, direba ya tashi, ya yi kwana, ya tsaya ba tare da ya zuba ba. Ku zaɓi safiyar Lahadi. Ita za ta fara tuƙi kai ka riƙe kwanon, daga Unguwar Dosa zuwa Dandalin Murtala ku dawo. Sannan ku yi musanya. Ka ce mata ta ɗaura tsohon zane kafin zagaye na biyu.